Wasiƙa Daga Gadarif: A Daina Tsorata Talakawa Da Sunan Sudan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi gyara a kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan'uwanmu na ƙasar Hausa. Ni Bahaushe ne haifaffen Sudan, tsohon malamin makaranta. An haife ni a Mai Wurno da ke bakin kogin Nilul Azraƙ a jihar Sinnar, na yi shekarun aikina a Wad Madani, yanzu kuma ina zaune a Gadarif tare da iyalina, ɗan gudun hijira a cikin ƙasarsa ta haihuwa. Kakanninmu suna cikin jama'ar da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa gabas bayan Turawa sun kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi cikin 1903, saboda haka idan aka ga Hausata ta ɗan karkata zuwa Larabci a yi mini uzuri, shekara ɗari da ashirin ba kwana biyu ba ce.

Maganar da nake nufi ita ce, duk lokacin da aka ce talakawa za su fito zanga-zanga a ƙasar Hausa, sai a ɗauko sunan Sudan a kaɗa musu kamar yadda ake tsorata yaro da dodo. Na ji wannan da kunnena a watannin Yuli da Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa a Najeriya, domin dangi daga Kano da Zariya sun riƙa turo mana saƙonnin murya ta WhatsApp na masu wa'azi da na 'yan siyasa, kowa yana cewa a dubi Sudan, a dubi Libiya, a dubi Siriya, su ma da haka suka fara. Wani ɗan'uwana ma ya kira ni ya ce in naɗi muryata ya yaɗa ta, tunda ni ne abin ya ci. Ban yi ba, domin abin da yake so in faɗa ya saɓa wa abin da idona ya gani, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da na gani shi ne cewa yaran da suka fito titi hannu rabbana ba su ne suka cinna wa ƙasar nan wuta ba. Rundunoni biyu ne suka cinna ta, sojan ƙasa da dakarun RSF, kuma mutumin da aka yi wa zanga-zangar, Umar al-Bashir, shi ya raini su duka biyun da hannunsa.

Zan fara da burodi, domin daga nan abin ya faro. Lokacin da Sudan ta Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yulin 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar, gwamnatin Umar al-Bashir kuwa ba ta yi wani tanadi ba a shekarun da kuɗi ke kwarara, har aikin noman Jazira da ya riƙe ƙasar nan tun 1925 an bar shi ya lalace muna kallo. A watan Satumban 2013 aka cire tallafin mai, mutane suka fito, daga Wad Madani aka fara, jami'an tsaro suka buɗe wuta, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ƙiyasta cewa an kashe kusan mutum 200, sai kowa ya koma gida ya kama bakinsa. Shirun da aka yi na shekara biyar bai sauko da farashin komai ba. A ƙarshen 2018 hauhawar farashi ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari, ni da kaina nakan fita bayan sallar Asuba in kama layi a gidan burodi, in tarar da mutum sittin ko saba'in a gabana, wani lokaci rana ta ɗaga sosai kafin a leƙo ta taga a ce gari ya ƙare. Daga can sai in zarce banki in kama wani layin domin in ciri ɗan kuɗin fanshona, a ba ni abin da bai kai cefanen kwana uku ba, a ce takardun kuɗi ne babu. Maƙwabcina mai agashe, wato tsiren da mu Hausawa muka kawo ƙasar nan har kowa ya karɓa, ya ce da ni wata rana a kan layin: “Malam, nama ya fi ƙarfin masu saye, burodin da za a ci da shi kuma ya fi ƙarfina.” A cikin wannan hali ne aka ɗaga farashin burodi ɗaya daga fam 1 na Sudan zuwa fam 3.

Duniya ta fi sanin Atbara, inda jama'a suka ƙona ofishin jam'iyya mai mulki ranar 19 ga Disamban 2018, amma a nan Sudan mutane da yawa suna fara lissafi ne daga ranar 6 ga watan, ranar da 'yan makaranta suka fito a garinmu Mai Wurno, sannan Damazin ta biyo baya ranar 13. Na ambaci wannan ne domin mai karatu ya san cewa ba wasu 'yan boko ne a Hartum ko wasu Turawa a waje suka kitsa abin ba, 'ya'yan manoma ne da ba su sami abin karin kumallo ba. Daga baya ƙungiyar ƙwararrun ma'aikata, likitoci da lauyoyi da malamai da injiniyoyi, ta karɓi ragama tana fitar da jadawalin fita, aka yi wata huɗu ana shan barkonon tsohuwa da harsashi da kamu, kalmar da ke bakin kowa kuma ita ce “silmiyya”, wato cikin lumana. Ranar 6 ga Afrilun 2019 aka isa ƙofar hedikwatar soji a Hartum aka yi zaman dirshan, ranar 11 ga wata sojoji suka sauke Bashir bayan shekara kusan 30.

Na je wurin zaman dirshan ɗin nan da ƙafata a ƙarshen Afrilu, da niyyar in kamo hannun ɗana, wanda yake ɗalibi a lokacin, in dawo da shi gida. A bakin shingen farko wasu samari suka tare ni suna waƙa, suna cewa “irfa' idak fog, attaftish bizzog”, wato ɗaga hannunka sama, binciken cikin ladabi za a yi, suka shafa aljihuna suka ce “Bismillah, Baba.” A ciki na ga kwali an ajiye da kuɗi, an rubuta cewa mai shi ya zuba, marar shi ya ɗiba, babu mai gadi a kansa. Na ga likitoci sun kafa tanti suna duba mutane kyauta, na ga yaran titi an zaunar da su ana koya musu karatu, a kan gadar jirgin ƙasa kuma wasu suna ta buga ƙarfe da duwatsu dare da rana ba fashi. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne jin 'ya'yan manyan unguwannin Hartum suna rera cewa duk ƙasar nan Darfur ce, suna tir da wariyar ƙabila, domin mu da aka saba kira Fallata cikin raini, mu da iyayenmu suka sha wahala kafin a ba su takardar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, a ƙasar da aka binne kakanninsu, mun san nauyin wannan magana. Na kwana biyu a wurin, na koma Madani ni kaɗai.

Amma akwai wata waƙar da na ji a filin wadda ba ta kwanta mini ba tun a lokacin, ita ce “jaish wahid, sha'ab wahid”, soja ɗaya ne da jama'a. Tarihinmu ne ya koya mana ita. A watan Oktoban 1964 jama'a suka kawar da Janar Abbud bayan an harbe ɗalibi Ahmad al-Ƙurashi a Jami'ar Hartum, a watan Afrilun 1985 kuma, ina saurayi muna cikin masu ihu, sojoji suka juya wa Shugaba Numairi baya, Janar Suwar al-Dahab ya riƙe ƙasa shekara guda ya miƙa wa zaɓaɓɓiyar gwamnati. Sai muka ɗauka cewa duk lokacin da jama'a suka je ƙofar bariki za a buɗe musu da alheri. Mun manta cewa a 1964 da 1985 runduna ɗaya ce a ƙasar. Bashir, wanda shi kansa da juyin mulki ya hamɓarar da gwamnatin Sadiƙ al-Mahdi ranar 30 ga Yunin 1989, ya san ta inda ake shigowa, don haka ya ƙi yarda bindiga ta taru a hannu ɗaya. Ya kafa dakarun sa-kai na Difa'us Sha'abi, ya ba hukumar leƙen asiri tata rundunar, ya ɗauki 'yan Janjawid ɗin da aka yi amfani da su a Darfur tun 2003 ya mayar da su dakarun kai ɗaukin gaggawa a 2013, waɗanda jaridu ke kira RSF, mu kuma muke ce musu Da'ama. A 2017 aka yi musu doka ta musamman, shugabansu Muhammad Hamdan Dagalo, wato Hamidti, ya mallaki zinaren Jabal Amir, ya tura mayaƙa Yaman ana biyansa, har aka ce Bashir yakan kira shi “Himayti”, kariyata. Ranar da Bashir ya faɗi, waɗannan bindigogi ba su faɗi tare da shi ba.

Ranar 3 ga Yunin 2019, wadda ta yi daidai da 29 ga Ramadan, da asuba aka auka wa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar sojin da suka je neman mafaka, aka ƙona tantuna, aka kashe fiye da mutum 100 bisa ƙidayar kwamitin likitoci, aka tsamo gawarwaki daga kogin Nilu, aka katse intanet fiye da wata guda. Ɗana ya tsira ne kawai domin uwarsa ta matsa masa ya zo gida Salla kwana biyu kafin nan. Duk da haka yaran nan ba su ɗauki makami ba, sun sake fitowa ranar 30 ga Yuni, maƙil a kowane gari, har aka tilasta wa janar-janar sa hannu kan takardar raba mulki ranar 17 ga Agusta, Abdallah Hamdok ya zama firaminista. Wanda yake cewa zanga-zanga ce ta kawo yaƙi, ina so ya gaya mini a wace rana ce daga cikin waɗannan ranaku mai zanga-zanga ya harba harsashi.

Idan aka auna sauran ƙasashen Larabawa da wannan mudu, sai a ga cewa abin da ya fito da mutane kusan iri ɗaya ne, amma inda aka ƙare ya bi halin da rundunar kowace ƙasa take ciki ne. A Tunisiya, inda Muhammad Bu'azizi mai tallan kayan lambu ya cinna wa kansa wuta a Sidi Buzid ranar 17 ga Disamban 2010, sojoji kaɗan ne kuma ba su saba da siyasa ba, Shugaba Bin Ali ya gudu Jidda ranar 14 ga Janairun 2011, ƙungiyar ƙwadago da ta lauyoyi da abokansu suka sasanta 'yan siyasa har suka sami kyautar Nobel a 2015, kuma ko da Shugaba Ƙais Sa'id ya rufe majalisa a watan Yulin 2021 ya tattara iko a hannunsa, ƙasar ba ta faɗa yaƙi ba. A Masar runduna ɗaya ce mai ƙarfi, mai kamfanoni da gonaki, ta sadaukar da Mubarak ranar 11 ga Fabrairun 2011 bayan kwana 18 domin ta tsira da abinta, ta bar Muhammad Mursi ya yi shekara guda, ta karɓe ranar 3 ga Yulin 2013, aka kashe ɗaruruwa a dandalin Raba'a wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan nan. A Libiya Gaddafi ya yi irin dabarar Bashir tun kafin Bashir, ya raunana sojan ƙasa ya gina rundunonin 'ya'yansa da na ƙabilun da ya aminta da su, don haka da jiragen NATO suka shigo aka kashe shi a Sirte ranar 20 ga Oktoban 2011, ba a sami wata hukuma da za ta riƙe rumbunan makamai ba, makaman suka bi hamada suka gangaro Mali da sauran yankin Sahel, kuma ku a ƙasar Hausa kun fi ni sanin abin da suka haifar. A Yaman ma rundunar ta rabu ne tsakanin ɗan Shugaba Ali Abdallah Saleh da Janar Ali Muhsin. A Siriya kuwa, inda abin ya faro daga kama yara a Dar'a saboda rubutu a bango a watan Maris na 2011, gwamnati ce ta zaɓi harsashi tun ranar farko, ƙasashen waje kowa ya shigo da nasa, aka yi fiye da shekara 13 ana zubar da jini, ƙarshenta dai Bashar al-Assad ya gudu Mosko ranar 8 ga Disamban 2024.

Ƙanena da ke ɗinki a Makka shekara talatin yakan ce da ni, “Yaya, mu a nan ba mu san zanga-zanga ba, malamai sun hana.” Gaskiya ne majalisar manyan malaman Saudiyya ta fitar da fatawar haramta zanga-zanga a watan Maris na 2011, kuma a watan ne aka tura sojoji Baharain suka taimaka wajen murƙushe boren can. Sai dai nakan tuna masa cewa a watannin Fabrairu da Maris ɗin nan ne Sarki Abdallah ya sanar da kashe kuɗin da suka kai kusan dala biliyan 130 a kan gidaje da ƙarin albashi da alawus na marasa aiki. Shi ma Sarkin Maroko sabon kundin tsarin mulki ya kawo a watan Yulin shekarar, ya rage wa kansa wasu iko kafin tura ta kai bango. Shugaban da yake so ya ari fatawar Saudiyya, ya kamata ya ari buɗe baitulmalin tare da ita, domin ba a cire wa mutum tallafi a ninka masa farashin abinci sannan a turo masa mai wa'azin haƙuri kaɗai.

Ba zan wanke 'yan farar hularmu tas ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sun yarda Janar Abdul Fattah al-Burhan ya shugabanci majalisar ƙoli Hamidti yana mataimakinsa, makonni kaɗan bayan jinin 3 ga Yuni, wanda ya yi daidai da ba wa kura ajiyar nama. Kwamitin da aka kafa ya binciki kisan bai taɓa fitar da sakamakon ƙarshe ba. Jam'iyyu suka shiga rabon kujeru, aka cire tallafi, aka karya darajar fam a watan Fabrairun 2021, hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari a tsakiyar shekarar, har burodin fam 3 da muka yi wa bore ya zama abin da ake tunawa da marmari. Wannan gajiya ce ta sa a watan Oktoban 2021 wasu 'yan siyasa da tsofaffin 'yan tawaye suka kafa nasu zaman dirshan a ƙofar fadar gwamnati suna roƙon soja ya karɓi mulki, aka kuwa amsa musu ranar 25 ga watan, Burhan da Hamidti suka haɗa kai suka kama Hamdok da ministocinsa. Kwamitocin unguwanni, wato ƙungiyoyin matasa masu shirya zanga-zanga, suka ci gaba da fita mako-mako, aka kashe musu fiye da mutum 100. Shi ya sa da na ga hotunan wasu yara a Kano da Kaduna a watan Agustan 2024 suna ɗaga tutar Rasha, wasu suna kiran soja ya karɓa, gabana ya faɗi fiye da yadda ya faɗi da ganin an fito titi. Kukan yunwarsu gaskiya ne, amma wannan ƙofar da suke ƙwanƙwasawa mu mun ƙwanƙwasa ta, mun ga wanda ya fito.

Akwai gardamar da muke yi tsakaninmu Hausawan nan bayan sallar La'asar, kuma adalci ne in kawo ta. Wasu dattawa suna cewa a zamanin Bashir ba a yanka mu ba, suna nufin abin da ya faru a jihar Nilul Azraƙ a watan Yulin 2022, lokacin da batun ƙasa da neman a ba Hausawa sarautar gargajiya tasu ya rikiɗe ya zama kisa a Rusairis da kewayen Damazin, aka rasa fiye da mutum 100, sannan a watan Oktoba aka sake kashe kusan 200 a yankin Wad al-Mahi, dubban mutane suka bar gidajensu. Ina da dangi a cikin waɗanda aka binne, don haka ba na ɗaukar maganar da wasa. Amsar da nake ba su ita ce su duba kalanda. An yi wannan kisan ne wata tara bayan sojoji sun kori farar hula sun riƙe komai, a jihar da take cike da barikoki, a yankin da aka cika da makamai tun yaƙin da ya sake ɓarkewa can a 2011 a ƙarƙashin Bashir ɗin. Zaman lafiyar da suke kewa namu ne na tsakiyar ƙasa kawai, mutanen Darfur da na duwatsun Nuba ba su ɗanɗana shi ba. Kuma da aka kashe mu, me muka yi? Mu ma titi muka fita, a Hartum da Gadarif da Kasala da Bur Sudan da Ubayyid, domin ba mu da wata hanyar da za a ji mu. A Kasala wasu matasanmu sun ƙona ofisoshi da shaguna, na yi tir da hakan a lokacin kuma ina nan a kan bakana, domin mai shago bai kashe kowa ba, ƙone-ƙone kuma shi ne kyautar da ta fi kowace daɗi ga mai neman dalilin buɗe wuta.

Yaƙin da ya tashi da safiyar Asabar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, ya zo ne shekara huɗu bayan faɗuwar Bashir, kuma dalilinsa a fili yake. An tsara a mayar da mulki ga farar hula a haɗe rundunonin biyu, sojoji suka ce cikin shekara biyu, Hamidti ya ce sai goma, aka kasa daidaitawa kan wanda zai ba wa wani umarni, kowa kuma yana da masu zuga shi da ba shi makami daga ƙetare. Fiye da mutum miliyan 12 suka bar gidajensu, aka ayyana yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke Darfur a watan Agustan 2024. Mu a Madani mun yi wata takwas muna saukar da mutanen Hartum, a gidana kaɗai iyali uku ne suka raba ɗakuna biyu da zaure, sai ga shi a watan Disamban 2023 mu ma mun ɗauki ƙullin kaya a ka. Na tuna matata ta tsaya a tsakar gida tana juya tukunyar da ta gada daga uwarta, ta rasa inda za ta sa ta, daga ƙarshe ta kife ta a gindin dalbejiya muka fita. Muka koma Mai Wurno, da faɗa ya iso yankin Sinja a tsakiyar 2024 muka sake tashi, ta Dindir, cikin damina, wani wuri a bayan tarakta wani wuri a ƙafa, har Gadarif.

Ga malamanmu masu daraja, Allah ya ƙara musu lafiya, ba ni da ilimin da zan yi jayayya da su a kan hukuncin fito-na-fito da shugaba, kuma na yarda cewa tsoron fitina abin tsoro ne. Roƙona kawai shi ne idan za su kafa hujja da Sudan su kawo labarin cikakke. Su faɗa cewa wanda ya fita wa zaɓaɓɓen shugaba da tankokin yaƙi a 1989 da sunan Musulunci ya yi, kuma shi ne kotu ta ɗaure a watan Disamban 2019 saboda maƙudan kuɗin ƙasashen waje da aka samu a gidansa, a daidai lokacin da muke kwana a layin banki. Su faɗa wa masu mulki, a kan mumbarin da suke yi wa talakawa nasiha, cewa shugaban da ya raba bindiga ga 'yan sa-kai da 'yan banga da mayaƙan ƙabila domin ya tsare kujerarsa ko ya huta da biyan soja, shi ne yake haƙa ramin da ƙasa za ta faɗa, ko an yi zanga-zanga ko ba a yi ba. Wannan shi ne gemun da ya kama wuta a nan, shi ya kamata maƙwabci ya duba kafin ya shafa wa nasa ruwa. Kai ma Malam Edita, ina roƙon duk lokacin da wani babba ya ambaci Sudan a shafinku domin ya rufe bakin mai kuka, wakilinku ya tambaye shi wane ne ya harba harsashin farko ranar 3 ga Yuni da ranar 15 ga Afrilu.

A makarantar da aka sauke mu da farko a nan Gadarif, iyali huɗu a aji ɗaya an raba da zannuwa, abincin da muka rayu da shi daga takiyya yake fitowa, wato girkin haɗin gwiwa da matasa ke yi a manyan tukwane, yau miyar adas gobe dafaffen hatsi da ake kira balila, da kuɗin da 'yan'uwa na waje ke turowa ta waya. Da na lura da masu juya tukwanen sai na ga yawancinsu 'yan kwamitocin unguwannin nan ne, waɗanda suka yi ta jera duwatsu a titi a 2019, ɗana yana cikinsu, furfura ta fara fito masa tun bai kai talatin ba. Sojoji sun karɓe Madani daga hannun Da'ama a watan Janairun 2025, kwanakin baya na tura shi ya dubo mana gidan. Ya ce ƙofa babu, tagogi babu, an zare har wayoyin lantarki daga bango, amma littattafaina suna nan a warwatse a tsakar ɗaki ba wanda ya ɗauki ko ɗaya, tukunyar uwarsa ma tana nan a kife a gindin dalbejiya. Idan Allah ya yarda, da an ɗauke ruwa hanya ta bushe za mu koma.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Gadarif, Sudan.